Ba Sanyi Ba Ne

Wata goma sha ɗaya ke nan rabon Siddiƙa da ta zauna daidai kamar kowace mace. A karkace take zama, a kan cinya guda, hannu ɗaya dafe da ƙasa. Tankaɗe a durƙushe take yin sa, ɓarar gyaɗa a tsaye. Matan unguwarsu a Sandamu har sun soma tsokanarta, wai girma ya zo mata da yanga. Sai ta yi musu murmushi kawai, don abin da ke damun ta ba irin wanda ake faɗa a tsakar gida ba ne.

Ya soma ne a shekarar da al'adarta ta ɗauke, tana da arba'in da tara. Da fari ƙaiƙayi ne a gabanta, daga nan ya koma zafi, daga zafi ya koma raɗaɗi kamar an barbaɗa garin barkono a kan sabon yanka. Fitsari ya zame mata abin fargaba, har ta rage shan ruwa, a zafin ƙasar Daura kuwa, inda leɓe ke tsagewa kafin azahar. Ruwan tsarki ma sai ta cije baki. Abu ɗaya take so a duniya, wani wanda ya sani ya duba ta ya gaya mata mene ne wannan.

Sai da ta yi wata uku tana juya maganar a ciki kafin ta iya faɗa wa mijinta. Malam Lawal dillalin hatsi da awaki ne, mutum mai fara'a a waje, wanda ba a jana'iza ko ɗaurin aure a unguwar babu shi a sahun gaba. Ta same shi yana karin kumallo, ta durƙusa, idonta a kan tabarma.

"Malam, ƙasana ne ke damu na. Ya daɗe."

Ko kai bai ɗago daga kwanon koko ba.

"Sanyi ne," in ji shi.

Da yamma ya dawo da ƙwayoyi ja da rawaya a ƙullin leda. A ƙasar nan duk ciwon da ya kama mace tsakanin cibiya da gwiwa suna ɗaya gare shi, sanyi, kuma kowa likitansa ne. Mai kemis ɗin da ya haɗa maganin bai taɓa ganin fuskar Siddiƙa ba, balle ya san abin da ke jikinta. Ta shanye tas. Aka sake sayo wani, ta sake shanyewa. Cikinta ya ɓaci, bakinta ya yi ɗaci, ciwo kuwa yana nan inda yake.

Sai Yaya Adama ta karɓi aikin. Ita ce yayar Lawal, tun da mijinta ya rasu take zaune a sashen gaba na gidan, kuma maganarta ta fi ta kowa nauyi a wurinsa.

"Ku yaran yanzu ba ku san komai ba sai ƙwaya," ta ce wa matar da ke da jikoki huɗu. "Dafa bagaruwa ki riƙa shiga ciki safe da yamma, da zafinta."

Ranar farko da Siddiƙa ta tsuguna a cikin ruwan bagaruwar nan sai da ta cusa bakin zaninta a baki don kada maƙwabta su ji ihunta. Ta fito tana rawar jiki, ta gaya wa Adama.

"Ai zafin nan shi ne maganin yana aiki. Ki daure."

Ta daure sati uku. Aka ƙara mata da hayaƙin wasu saiwoyi. Fatar wurin ta soma tsagewa tana tsattsafo da jini.

Shi Lawal ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba, shimfiɗa ce. In ta roƙe shi ya yi mata haƙuri, sai ya ce raini ne, ta ga ta aurar da 'ya'ya ta ƙoshi da shi. Maganar tsinuwar mala'iku a kan macen da ta juya wa miji baya a bakinsa take kamar karatun Fatiha. Wa'azin da malamai ke yi a kan tausaya wa mace da neman mata magani kuwa, kullum ranar da ake yin sa ba ya masallaci. Wani lokacin takan ba da kai don a zauna lafiya, washegari ta wuni tana bin bango, shi kuma ya fita kasuwa yana fito.

Da ƙyar, da kuka, ya yarda ya kai ta wani ɗan asibiti a bayan gari. A bayan babur ya ɗauke ta, kowane rami ta ji shi har tsakiyar kanta. Ma'aikacin da suka samu saurayi ne sa'an ɗanta na uku. Lawal ya bi ta har ciki, ya ja kujera ya zauna.

"Mama, me ke damun ki?"

Kafin ta buɗe baki Lawal ya amsa.

"Sanyi ne, likita. Ya ƙi jin magani."

"A ina kike jin ciwon, Mama?"

Ga miji a gefe, ga yaro a gaba. Kunya ta kama ta, ta nuna wajen cibiyarta ta ce, "Mara." Yaron ya rubuta allurar kwana biyar. Ba a fi minti uku ba aka sallame su, babu wanda ya duba komai. A hanya Lawal yana ta cewa, "To kin ga, ga shi likita ma ya faɗa."

Siddiƙa tana da 'ya mace babba, Rauda, tana aure a Zango, ta yi makaranta, kuma duk Juma'a sai ta bugo waya. Amma Rauda 'yar fari ce. Siddiƙa ko sunanta ba ta faɗa, ba ta taɓa zama sun yi hira ido da ido ba, yaya za a yi ta buɗe baki ta gaya mata ciwon da ke gabanta?

"Inna, na ji muryarki wani iri."

"Lafiya lau. A gaida yaran."

Haka aka ci wata goma sha ɗayan nan. Rannan maƙwabciyarta Hussaina, mai tsohon ciki, ta roƙi Lawal ya bar Siddiƙa ta raka ta awo. Rakiya ba ta da laifi, ya bari. A wurin awon ga benci nan rabi babu kowa, amma Siddiƙa ta tsaya jingine da bango tun safe har hantsi ya ɗaga. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ummukulsum, ita ma ta manyanta, ta wuce ta sau uku, a na huɗu ta tsaya.

"Baiwar Allah, me ya hana ki zama?"

Wannan ce tambayar da ba a taɓa yi mata ba. Siddiƙa ta buɗe baki za ta ce babu komai, sai hawaye suka riga ta. Ummukulsum ta kama hannunta ta shigar da ita ɗaki, ta rufe ƙofa, ta saki labule. Da ta duba sai da ta yi salati.

"Wa ya ce miki sanyi ne?"

"Kowa."

"A cikinsu wa ya duba?"

"Ke ce ta farko."

"To ba sanyi ba ne. Me kike sa wa wurin?"

Ta gaya mata. Ummukulsum ta dafe kai.

"Daga yau ko kusa da bagaruwa kada ki sake zuwa, ita ke ƙara ƙona ki. Ina da zaton abin da ke damun ki, amma ba ni zan yanke ba, sai likitan mata ya gani da idonsa. Ki je babban asibiti a Katsina, ranar Talata suke ganin irin wannan. Ina kyautata zaton yana da magani, kin ji? Kada ki bari ya wuce Talatar nan."

Ta rubuta takarda ta ba ta. Siddiƙa ta ƙulle ta a bakin zani, ta dawo gida da wani sauƙi a zuciya wanda ta manta yadda yake. Yana da magani. Duk hanya abin da take maimaitawa ke nan.

Lawal ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ba ya karanta boko.

"Rakiya na aike ki ko tallar jiki? Wa ya ba ki izinin buɗe wa wani kanki?"

"Mace ce, Malam. Dattijiya."

"Na Katsinan fa? Mace ce ko namiji?"

"Ba ta faɗa ba."

"To babu inda za ki. Da jikokinki, a shimfiɗe ki wani ƙato yana leƙa ki? In shiga tasha a ce ina za ka, in ce me? Ni ba za a yi wannan da ni ba."

Ya linke takardar ya tura a aljihu. Lambar wayar Ummukulsum na rubuce a bayanta, kira ɗaya ya isa ya ji ko mace ce ko namiji. Bai kira ba. Talata ta zo, ya ce kasuwa. Wata ta zo, ya ce an yi ruwa, shuka ba ta jira. Ta uku ya ce ta cika naci, kuma in ta sake tayar masa da maganar Katsina ranta zai ɓaci. A cikin satin nan ne wani bunsurunsa ya ƙi cin dusa kwana biyu, ya ɗaure shi a bayan babur har Daura wurin malamin dabbobi.

Yaya Adama kuwa ta ɗauki takardar nan a matsayin cin fuska, tun da an ce maganinta ne ke ƙara ciwon.

"Mu 'ya'ya tara muka haifa a ɗaki, ba wanda ya taɓa leƙa mu," ta ce wa ƙanenta, Siddiƙa na ji daga madafi. "Ni na gane abin nan tuntuni. Gishiri ne. Shi ke toshe mace ta riƙa gudun miji. A ɗan tsaga wurin, mugun jinin ya fita, shi ke nan. Akwai Gwaggo Auta a wajen Mashi, hannunta da albarka, iyayenmu ma ita suke kira."

Lawal ya ji magani wanda ba sai an shiga tasha ba, ba namiji a ciki, kuma an ce zai dawo masa da matarsa shimfiɗa. Nan take ya amince.

Siddiƙa ta same shi a zaure, karo na farko a shekara talatin da biyu na aurensu ta tsaya a tsaye tana yi masa magana.

"Malam, don girman Allah kada ka bari a sa min reza. Malamar asibiti ta ce fatar wurin ta yi laushi, ko ruwan zafi kada ya taɓa. Ka ba ni takardata, ko da Hussaina ce in ta haihu sai mu je."

"Wato ita malamar asibitin ta fi Yaya sanin mata? Kin ce ba a nema miki magani, ga shi an nemo kin ce ba shi ba. To ki zaɓa. Ko ki tsaya a yi miki, ko ki san inda za ki."

Ina za ta? Iyayenta sun daɗe da rasuwa, gidansu an raba. Ya san da haka sarai, shi ya sa ya faɗa.

Ranar Laraba da hantsi aka kawo Gwaggo Auta. Lawal ya gaishe ta da ladabi, ya ce harkar mata ce, ya hau babur ya yi kasuwa. Tsohuwar ta tsufa tukuf, idonta ɗaya ya yi fari, sai da Adama ta riƙe mata hannu ta tsallake dokin ƙofa. Gwaggo Auta ta ciro reza a takardarta ta ɗaga sama.

"Sabuwa ce fil, 'yata. Ai mu ma mun waye."

Siddiƙa ta ja da baya har ta kai bango, tana cewa ta fasa, ta yarda ta tafi ko ina ne. Adama ta danne mata kafaɗu, wata mata da ta rako tsohuwar ta riƙe ƙafafu. Ihun da Siddiƙa ta yi da rezar ta sauka, Hussaina da ke wanki a bayan katanga sai da ta saki bokiti.

"Kun gani?" in ji Gwaggo Auta. "Ga shi nan yana fita."

Fita kam ya yi ta yi. Tsumma ya jiƙe, aka sa wani, aka kawo toka aka danna. Har azahar bai tsaya ba, kuma ba jini kaɗai ke zuba ba, har da fitsari, ba tare da ta ji zuwansa ba. Tsohuwar ta ce haka yake yi wa wasu, ta karɓi goronta, aka mayar da ita tasha. Hussaina ce ta shigo ta ga leɓen Siddiƙa ya yi fari, ta ɗauki wayar Siddiƙa ta nemo lambar Rauda.

Rauda ta iso daga Zango da motar haya daidai lokacin da uban ya dawo. Ya tare ƙofar ɗakin.

"A bari zuwa la'asar mu gani. In aka kai ta asibiti yanzu tambayoyi za su yi ta yi."

"Baba, matsa."

"Ke, ni kike..."

"Wallahi Baba in ba ka matsa ba zan fita titi in tara maka jama'a, in gaya musu abin da aka yi a ɗakin nan."

Jama'a dai, su yake tsoro tun farko. Ya matsa.

A Daura aka tsayar da jinin, aka ƙara mata leda biyu, aka ce aikin ya fi ƙarfinsu, a wuce Katsina. Haka Siddiƙa ta shiga Katsinar da aka hana ta zuwa da ƙafarta, a kwance a bayan mota, kanta a kan cinyar 'yar farin da ko sunanta ba ta faɗa.

Likitar da ta zo kansu da safe mace ce, sanye da hijabi har gwiwa, Dakta Asma'u. Ta ce shekararta shida tana ganin mata a sashen nan duk ranar Talata. Lawal ya sunkuyar da kai. Da ta tambayi abin da ya faru kuwa, sai ga bakinsa ya dawo.

"Likita, faɗuwa ta yi a kan..."

"Ba kai na tambaya ba, Malam. Ka ɗan ba mu wuri."

"A'a," in ji Siddiƙa. Muryarta ba ƙarfi, amma kowa ya ji. "A bar shi ya tsaya. Ita ma yarinyar ta tsaya."

Sai ta faɗa. Ta faɗi ƙaiƙayin da raɗaɗin da inda suke, ta kira wurin da sunansa, ba mara ba, ba ƙasa ba. Ta faɗi bagaruwa da hayaƙi, da jinin da take gani bayan ya kusance ta, da takardar da ke aljihunsa, da waɗanda suka danne ta da wadda ta yanka. Rauda ta juya fuska bango tana kuka. Lawal ya yi ta murza hularsa, gumi na bin wuyansa.

Bayan an gama dubawa da gwaje-gwaje, likitar ta sa aka kira shi, ta yi bayanin a gabansa.

"Ciwon da Mama ta zo da shi tun farko sananne ne. Idan al'ada ta ɗauke, wasu matan fatar gabansu kan bushe ta yi siriri, ta riƙa tsagewa. Ba sanyi ba ne, ba gishiri ba ne, ba kuma ƙin miji ba ne. Kullum muna ganin sa a nan. Man shafawa muke bayarwa, mafi yawa cikin 'yan makonni suke samun sauƙi." Ta ɗaga wani ɗan bututu, bai fi tsawon yatsa ba. "Wannan ne. Amma yanzu ba zai yiwu ta fara shi ba sai rauni ya warke. Rezar ta huda mafitsara. Za ta zauna da robar fitsari, in bai haɗe da kansa ba sai mun yi aiki nan da wata uku. Muna sa rai, amma ban yi muku alkawari ba."

Siddiƙa ta daɗe tana kallon bututun nan. Shekara guda cur tana neman wanda zai gaya mata wannan, ga shi an faɗa a cikin numfashi uku.

Lawal ya gyara murya. Irinsu ba sa rasa abin cewa.

"Ƙaddara ce, likita, ba mai tsallake ta. Ni ma neman sauƙi nake mata." Ya juyo wajen gadon, ya sassauta murya kamar mai lallashi. "Ke ma Siddiƙa da laifinki. Da kin faɗa min abin ya kai haka, ai da ban tsaya ba."

Rauda ta zabura, uwar ta riƙe mata hannu.

"Na faɗa maka a durƙushe, Malam. Na faɗa maka a tsaye. Wanne ne ba ka ji ba?"

Ya duba agogo, ya ce bari ya je ya yi alwala.

Ba wanda aka kama, ba wanda aka kai ƙara. Yaya Adama ta ce jinin Siddiƙa ne mai gardama, ga mata nan birjik an yi musu sun tashi lafiya. Dangi suka ce a rufa asiri, zumunci ya fi. Da aka zo sallama, Lawal ya turo mota har ƙofar asibiti, da saƙon cewa an share mata ɗaki an yi sabon daɓe, komai ya wuce.

Siddiƙa ta fito a hankali, ledar fitsari a ɓoye ƙarƙashin hijabi, Rauda na riƙe da ita. Ta dubi direban da mijinta ya aiko, ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa. Uwa ta tare a gidan surukinta, gidan 'yar fari kuma, abin kunya ne da za a daɗe ana yi da ita a Sandamu, ta kuwa san da haka.

"Ka ce masa na gode," ta ce. Sannan ta juya ga 'yarta, ta kira ta da sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. "Rauda, nemo mana motar Zango."